Kafin a ja waya, a fara sanin ƙauyukan da babu sabis

In aka ji a rediyo cewa gwamnati ta ware kuɗi domin tsara yadda za a yi wani aiki, ba domin aikin kansa ba, yawancin mutanenmu tsaki suke yi. Kuma suna da hujja. An sha kafa kwamiti, a kama ɗakin taro a otal a Kaduna ko Abuja, a raba jakunkuna da alawus, a buga rahoto mai kauri, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Duk da haka, a kan batun kai intanet mai ƙarfi ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, ina goyon bayan gwamnati ta ware tallafi na musamman domin tsari, ta ware shi daban da kuɗin kwangila. Sharaɗina shi ne kuɗin ya sauko ƙasa, ya shiga hannun waɗanda za su taka ƙafa su je mazaɓa bayan mazaɓa, kuma abin da suka gano a baje shi a fili kowa ya gani, wanda bai yarda ba ya ce bai yarda ba.

Wanda ke zaune a Samaru ko Kongo ko Sabon Gari ko Tudun Wada, kukansa tsadar data ce da jan ƙafar sabis da daddare. Kuka ne na gaskiya, balle tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Amma ka wuce Shika ka nufi Giwa, ko ka bi hanyar Soba ka wuce Maigana, ko ka yi wajen Hunkuyi, sannan ka sauka daga kwalta ka shiga cikin ƙauyuka. Can ba a kai ga maganar tsada ba tukuna. Akwai garin da kowa ya san gindin bishiyar da ake zuwa a yi kira, akwai wanda sai an hau tudu a bayan gari. Zariya gari ne na ilimi, mai jami'a tun 1962, amma tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a kan babur za ta kai ka inda buɗe hoto guda a WhatsApp ke zama aiki.

A wata kasuwar ƙauye a ɓangaren Soba na tsaya kusa da wani yaro mai POS, yana ƙarƙashin lema, ya ɗaga na'urarsa sama yana juya ta gabas da yamma. A gabansa wata dattijuwa ce a tsugune, ɗanta da ke aiki a Fatakwal ya turo mata kuɗin taki. Ya sa katinta, na'urar ta daɗe tana juyi, sannan ta ce cinikin bai yi ba. Can sai ga saƙo ya shigo ƙaramar wayar da ke ɗaure a bakin zanenta, wai an cire kuɗin. Yaron ya ce, "Baba, ki yi haƙuri, wallahi bai shigo mini ba. In bai dawo ba zuwa jibi sai kin shiga Zariya banki." Ta ce, "Ɗan nan, da wane kuɗin motar?" Ba wanda ya cuce ta a cikin su biyun. Ranar kasuwa ce, mutum ya yi yawa a kan turke ɗaya, layin ya cushe. Amma ita ta koma gida ba taki, ba kuɗi, ga damina ba ta jiran kowa.

Abin da ke sa na damu ke nan: gwamnati da kanta ta riga ta mayar da rayuwa kan intanet. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya tun 2015. Tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an tura mutane dole kan transfa, kuma wanda ya sha wuya fiye da kowa shi ne na ƙauye. A zaɓen 2023 ɗin an ce daga rumfa za a ɗora sakamako a intanet. Wanda ya ɗora wa mutane wannan wajibi, hakkinsa ne ya kai musu hanyar sauke shi.

Kamfanonin waya ba za su kai da kansu ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba, ɗan kasuwa riba yake bi. Turken sadarwa ba ƙarfe ba ne kawai da ake kafawa a tafi. Yana son wuta dare da rana, wato janareta da man dizal ko sola da batura, yana son mai gadi, yana son hanyar da mota za ta bi ta kai masa gyara ko da damina. Sannan dole a haɗa shi da babban layi, ko dai ta wayar faiba da ake binnewa a ƙasa, ko ta farantan da ke miƙa saƙo daga wannan turke zuwa wancan. Ta farantai ta fi sauƙin kuɗi, amma abin da take ɗauka kaɗan ne, shi ya sa za ka ga sabis ya cika a fuskar waya amma saƙo ya ƙi tafiya. In kamfani ya lissafa duk wannan, ya duba ya ga mutanen garin katin naira ɗari biyu suke sawa, sai ya kai kuɗinsa wani wuri. Saboda irin wannan giɓi ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda ake zuba masa wani kaso na harajin da kamfanonin ke biya, domin a tallafa a kai sabis inda kasuwa ba za ta kai ba.

To kuɗin tallafi akwai shi, ko da bai isa ba. Tambayar ita ce wa ke yanke inda za a kai shi, kuma da wane sani.

Binciken da asusun ya yi a 2013 ya gano yankuna 207 a faɗin ƙasar nan da sabis bai wadata ba, kuma hukumar ta ce zuwa 2022 sun ragu zuwa 97. Ci gaba ne, ba na musu. Sai dai taswirar sabis, a ko'ina a duniya, galibi lissafin kwamfuta ce: ga turke a nan, ga tsawonsa, ga ƙarfinsa, saboda haka ya kamata siginarsa ta kai kilomita kaza. Lissafin bai san cewa garin yana cikin kwari a bayan dutse ba. Bai san cewa an sace baturan turken wata uku da suka wuce ba, ko cewa mai kawo dizal ya daina zuwa tun da hanya ta ɓaci. A takarda garin yana da sabis. Kuma duk garin da takarda ta ce yana da sabis, ya fita daga layin masu jiran tallafi, ba tare da dagacinsa ya ma san an yi rabon ba. Wannan shi ne zaluncin da nake tsoro, domin ba wanda ya yi niyyarsa, kuma ba wanda za a kama da shi.

Amurka da duk arzikinta ta faɗa wannan rami. Shekara da shekaru hukumar sadarwarsu tana ƙidaya yanki guda a matsayin mai intanet in dai gida ɗaya a cikinsa zai iya samu. Da suka zo rabon dala biliyan 42 da ɗoriya da dokar 2021 ta ware domin kai intanet yankunan da aka bari a baya, sai da suka sake taswirar gida-gida, suka fitar da ita a ƙarshen 2022, suka buɗe ƙofa duk wanda aka rubuta yana da sabis alhali ba shi da shi ya kai ƙorafi a gyara. Kowace jiha kuma aka ba ta damar karɓar har dala miliyan 5 tun farko domin tsari kaɗai. Wannan ɓangaren abin koyi ne. Amma akwai ɓangaren gargaɗi: shekara uku bayan sa hannu a dokar, shirin bai kai ga haɗa gidaje ba, ana ta kai da komo da takardu tsakanin jihohi da gwamnatin tarayya. Tsari ma yana iya zama wurin ɓuya. Don haka duk tallafin da za a bayar a nan, a yanka masa wa'adi gajere.

Ni dai ba sai na je Amurka neman misali ba, domin mun taɓa yin irin wannan aiki a nan Arewa, kuma ya yi. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, abin da ya daɗe yana kawo cikas shi ne rugage da ƙananan ƙauyukan da ba sa cikin kowace takarda, masu allura ba sa zuwa domin ba wanda ya rubuta cewa akwai su. Sai aka koma aka zana taswirar kowace mazaɓa, aka haɗa hoton tauraron ɗan'adam da sanin masu unguwanni da dagatai, aka ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka. Garuruwan da aka manta suka fito. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da cutar ta asali daga Nijeriya. Kuɗin da aka kashe wajen zana waɗancan taswirori ba su sayi ɗigon allura ko ɗaya ba, amma su suka sa allurar ta isa bakin yaran da ake tsallakewa.

Irin wannan nake nufi. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba a je kowace mazaɓa da wayoyi ɗauke da layukan duk kamfanonin, a tsaya a makarantar firamare, a asibitin sha-ka-tafi, a tsakar kasuwa ranar da take ci, a ƙofar gidan dagaci, a gwada kira, a gwada transfa, a gwada buɗe bidiyo, a rubuta abin da aka gani da rana da kuma da dare, da rani da kuma da damina. Kuma in ana neman masu wannan aiki, Zariya ba ta da uzuri. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan safiyo da taswira, da tsara birane, da injiniyancin sadarwa, cike da ɗaliban da ke neman aikin bincike na gaske. Cibiyar NAERLS da ke Samaru duk shekara tana fita binciken yadda damina ta kasance a faɗin ƙasar nan, ta san yadda ake shiga ƙauye a yi tambaya a samu amsa ta gaskiya. Ga kwalejin Nuhu Bamalli. Jiha kuma tana da hukumar KADGIS da ke riƙe da taswirar filaye. Abin takaici ne a ce za a ɗauko kamfanin tuntuɓa daga Legas ya zauna a otal ya rubuta mana inda muke da sabis, alhali yaran da suka taso a Giwa da Kudan da Makarfi suna nan a aji suna koyon wannan sana'a.

Ba na cewa a miƙa wa shugabannin ƙananan hukumomi kuɗin a hannu a juya baya. Mun san halin da ake ciki. Amma ba za a yi aikin ba tare da su ba, domin su ne kusa da kansiloli da hakimai, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, ya kamata mu fara tambayarsu abin da ya wuce gyaran kwalbati. A haɗa ƙaramar hukuma da makarantar da za ta yi awon, a biya su kashi-kashi, kashi na ƙarshe sai an liƙa sakamakon a sakatariya da fadar hakimi, da Hausa, an kuma karanta sunayen garuruwan a rediyo. A ba mutane wata guda ko biyu su zo su ce, "Ranka ya daɗe, an rubuta garinmu da sabis, a zo a gwada a gabanmu." In an yi haka, ɗan siyasar da ke son karkatar da turke zuwa garin surukansa zai sha wuya, domin jerin yana hannun kowa.

Sanin inda babu sabis rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne abin da ke kashe ayyukan gwamnati bayan an yanke kyalle an watse. Na taɓa shiga ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare ta ƙauye. Kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu kauri, a waje ga farantin intanet a kan ƙarfe yana kallon sama. Malamin da ya buɗe mini ɗakin ya ce shekarar farko komai yana aiki, yara har rububi suke yi. Da kuɗin intanet ɗin da masu aikin suka biya ya ƙare, ba a san wanda zai sabunta ba. Makaranta ta ce ba ta da shi, ƙaramar hukuma ta ce ba aikinta ba ne. Baturan sola suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban makarantar kuwa ranar JAMB wasunsu suka fara taɓa linzamin kwamfuta. Da an zauna tun farko an tambayi wa zai biya a shekara ta biyu, da ko dai an samo amsa, ko an kai kayan inda za su rayu. Kamar rijiyar burtsatse ce da aka haƙa ba a binciki ruwan ƙasa ba, ba a kuma naɗa mai gyara ba: ƙauyukanmu cike suke da irinsu, ga famfo ga allon suna, mata na wucewa ta gabansu zuwa rafi.

Sai maganar hanyar da waya za ta bi. Shekaru da dama kuɗin izinin haƙa gefen titi ne ke korar kamfanoni. An yi matsaya a ƙasa cewa kada ya wuce naira 145 a kowace mita, amma akwai jihar da ta kai tana karɓar naira 4,500. Ka lissafa layin kilomita 30: a farashin farko naira miliyan 4 da dubu 350 ne, a na biyu naira miliyan 135, kafin a sayi ko taku ɗaya na waya. Jihar Kaduna ta yafe wannan kuɗi gaba ɗaya a 2020, kuma ta kyauta. Amma yafewar ba ta isa ta ja faiba zuwa Fatika ko Anchau ba, domin ba ta canza lissafin ribar da ke ƙarshen layin ba. Abin da zai rage tsadar shi ne haɗa ayyuka. Mafi yawan kuɗin shimfiɗa faiba a haƙa yake tafiya. Duk lokacin da ake gina titi ko layin dogo, ga ramin nan a buɗe, bututun roba kawai za a jefa a rufe, ranar da aka tashi sai a zura waya. Muna gani ana aikin titin Abuja zuwa Kano da layin dogon Kaduna zuwa Kano, dukansu ta ƙasar Zazzau suka ratsa, ban da titunan karkara da jiha ke yi. In ba a haɗa ma'aikatar ayyuka da masu sadarwa a teburi ɗaya ba, yau a zuba kwalta, gobe a fasa ta, jibi katafila ta tsinke wayar da aka binne, gari guda ya kwana ba sabis. Haɗa su a teburi ɗaya kuwa ba ya faruwa da kansa, sai an ɗora wa wani alhakinsa an kuma biya shi.

Na san masu cewa mutumin da ba shi da ruwan sha da asibiti me zai yi da intanet. Ba na raina wannan magana. Amma ungozomar da ke asibitin ƙauye, in haihuwa ta zo da gardama cikin dare, waya take nema ta kira mota. Manomin tumatir a Kudan da mai rake a Makarfi suna son jin farashin kasuwa kafin dillali ya faɗa musu nasa. Akwai kuma masu cewa sabis 'yan bindiga yake taimako. An gwada wannan ra'ayi: a ƙarshen 2021 an rufe layukan sadarwa kimanin wata biyu a wasu sassan jihar nan, daga baya aka buɗe. Mutanen da abin ya shafa sun ɗanɗana yadda ake zama a garin da ba za ka iya kiran kowa ba in an shigo muku. Matsalar tsaro dalili ce ta a yi tsari da kyau, a san inda turke ke buƙatar kariya da yadda mutanen gari za su ɗauke shi nasu, ba dalilin a bar su a duhu ba.

Abu ɗaya da masu tsari daga nesa kan manta shi ne wayar da ke hannun mutane. A ƙarshen 2024, fiye da kashi 40 cikin 100 na layukan ƙasar nan a kan 2G suke, wato kira da gajeren saƙo. A ƙauye ƙaramar waya mai maɓalli ta fi yawa, babbar waya sau da yawa ɗaya ce a gida, a aljihun maigida ko babban ɗa, matan gida sai aro. In aka kai 4G garin da ba mai wayar kama shi, kamfani zai duba ya ce ba ciniki, ya janye. Mai awo da ya shiga gida-gida, musamman in an sa mata cikin masu tambayar, shi zai iya cewa a wannan garin a fara da makaranta da asibiti da kasuwa, a sa wurin da jama'a za su riƙa kama intanet a kan kuɗi kaɗan, kafin a kai ga kowane gida.

Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa za su samu intanet mai ƙarfi, da gudun megabit 10 a karkara, da gigabait ɗaya a kan abin da bai wuce naira 390 ba. Wa'adin ya cika alƙaluma suna wajen kashi 50, kuma ba sai an faɗa maka a wane ɓangare ƙauyukanmu suka faɗa ba. Yanzu gwamnatin tarayya ta fito da sabon shiri na shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000 a kan kimanin dala biliyan 2, Bankin Duniya ma ya amince da rancen dala miliyan 500 a 2025. Bashi ne da mai noman masara a Soba zai biya daidai da mai ofis a Abuja. Layin zai bi manyan tituna ya taɓa hedikwatocin ƙananan hukumomi, wannan kusan tabbas ne. Inda za a yi rassa daga can zuwa cikin ƙauyuka shi ne abin da za a yi ja-in-ja a kai, kuma jihar da ta zo da jerin garuruwanta a rubuce, da awon da aka yi a gaban shaidu, ita za a saurara. Ina kira ga 'yan majalisarmu na shiyyar Zazzau, na jiha da na tarayya, da shugabannin Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba da Kudan da Makarfi da Ikara da Kubau, su nemi a sa wannan tallafi a kasafin kuɗi mai zuwa, a fara da mazaɓun da suka fi nisa da kwalta, a gama awon cikin shekara guda da ta haɗa rani da damina.